Ten Hag ya ci lokacinsa, har da ƙari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in amsa wa masu cewa Manchester United ta yi gaggawar korar kocinta Erik ten Hag a watan Oktoban 2024.

Hujjarsu kullum ita ce Alex Ferguson, tsohon kocin ƙungiyar, wanda ya zo a 1986 bai ɗauki kofi ba sai 1990. To, amma Ten Hag fa ba a hana shi komai ba. Ya ce a sayo masa Antony daga Ajax, aka zuba fam miliyan fiye da 80, yaron nan ya yi ta juyi da ƙwallo kamar mai neman allura a cikin rairayi. Ban manta ya ci Kofin Carabao a 2023 da na FA a 2024 ba. Sai dai a kakar da ya ci na FA ɗin, na takwas ya ƙare a Firimiya.

Ranar da West Ham ta ci mu 2-1, a wasan ƙarshe kafin a kore shi, a gidan kallon unguwarmu nake. Wani dattijo mai rigar Rooney ya tashi tun ba a busa ba, ya bar shayinsa ko kurɓa bai yi ba.

Ni laifin shugabannin ƙungiyar nake gani, da suka tsawaita masa kwantiragi a Yuli, suka sallame shi bayan wata uku da 'yan kwanaki.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya