Maharba, ku duba kan harsashi kafin ku duba lambarsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a bani ɗan fili in yi magana da 'yan uwana maharba, abin nan ya daɗe yana cina. Duk inda aka zauna hirar bindiga sai gardamar lambar harsashi, wato nau'insa da girmansa, wannan yace .30-06 ce gaba, wancan yace a'a .308, wani ya kawo maka 6.5 Creedmoor wadda sai 2007 ma ta fito. Toh dukkansu suna kayar da barewa, amma da wuya kaji an tambayi wane irin kan harsashi aka ɗura, alhali nan gizo ke saƙar.

Harsashi irin na soja da aka lulluɓe kansa duka da jan ƙarfe, ratsa dabba kawai yake ya fice ta ɗaya gefen, 'yar ƙofa ƙarama, jini ma ba sosai ba balle ka bi sawu, dabbar ta shige daji ta kwana tana wahala kafin ta mutu, wallahi wannan zalunci ne. Na farauta bakinsa mai taushi ne, yana shiga sai ya baje kamar laimar kwaɗi, in ya samu huhu ko zuciya an gama cikin ɗan lokaci.

Aladen daji kuma wata magana ce daban. Babban namiji yana da kauri a kafaɗa kamar garkuwa, ga busasshiyar laka a jiki, in ka ɗana mai ƙaramin harsashi mai tsananin gudu sai ya tarwatse a waje bai kai ciki ba, kuma alade mai rauni ba barewa bane, juyowa yake da haurensa. Shi yasa a .308 kan harsashi mai nauyin giren 150 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) ya ishi barewa amma alade gara mai giren 180 mai riƙe jikinsa. A Turai har yau suna ji da harsashin 9.3x62 wanda tun 1905 aka ƙera shi. A Jamus ma doka ce, ba ka harbin alade da harsashin da faɗinsa bai kai milimita 6.5 ba, kuma sai ƙarfinsa ya kai jul 2000 (jul ma'aunin ƙarfi ne) a nisan mita 100.

Sai batun dalmar da ke cikin kan harsashi. Tana farfashewa ƙanana ƙanana cikin nama, ido baya gani, mutum ya ci, kayan cikin da aka bari a daji kuma ungulu da mikiya su ci su mutu. Jihar Kalifoniya a Amurka ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019. Ni dai ina bayan na jan ƙarfe zalla, sai dai yana son gudu kafin ya buɗe sosai, don haka ba a harbi daga nesa can, kuma duk wanda zai canza ya fara gwadawa a allon saiti tukuna, don inda tsohon yake faɗawa ba lallai nan sabon zai faɗa ba.

Na gode.
Naku, mai karanta jaridarku kullum.