Ku sake duba maganarku kan Gangs of Wasseypur

Assalamu alaikum Malam Edita. Ni mai sauraron shirinku na fina-finai ne kullum, amma gaskiya maganar da aka yi kan Gangs of Wasseypur bata min daɗi ba, wai fim ne na harbe-harbe kawai kuma Turawa ne suka zuzuta shi. Haba, an zalunci fim ɗin nan wallahi.

Anurag Kashyap ne ya ba da umarni, ya fito a 2012, tsawonsa ya haura awa biyar shi yasa aka raba shi kashi biyu. Labarin a yankin Dhanbad ne na Indiya wajen haƙar kwal, ya faro tun zamanin Turawan Ingila, bayan samun 'yancin kai mai mahaƙar kwal Ramadhir Singh ya sa aka kashe Shahid Khan, ɗan Shahid ɗin Sardar (Manoj Bajpayee) ya aske kansa ya rantse ba zai sake tara suma ba sai ya rama, to shi bai rama ba har aka bindige shi, gabar ta faɗa kan ɗansa Faizal, yaron da ba abinda ya sani sai wiwi, Nawazuddin Siddiqui ne ya fito a wannan matsayin. Kaka, uba, jika, duk sun ƙare a kan abu ɗaya. Wannan ne masu sharhi suka yaba, ba yawan jinin ba. Ku kalli Nagma matar Sardar yadda take haɗiye baƙin cikin kishiya tana riƙe gida, ai a kan wannan rawar Richa Chadha ta ci kyautar masu sharhi ta Filmfare.

Eh an nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, jaridar Guardian ma a 2019 ta saka shi cikin fina-finai 100 mafi kyau na wannan ƙarni, amma a Indiya ma fim ɗin kansa ya ci kyautar masu sharhi ta Filmfare, kenan ba Turawa kaɗai ba ne.

Inda na yarda da ku shine ashar, yayi yawa sosai, ba fim ɗin da za a kunna a falo da yara ba ne. Wasu mutanen Wasseypur ɗin ma sun yi ƙorafi an nuna unguwarsu kamar kowa ɗan daba ne, kuma yawanci Musulmi ne, wannan ya kamata ku tattauna da kyau. Dan Allah ku sake ware mishi lokaci, ku gayyato wanda ya kalli kashi na biyun har ƙarshe.

Naku,
Mai sauraro daga Kano