Zuwa ga Abba, mai neman aikin James Bond

Abba,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya kai da kawunka da iyalinsa. Ummanka ta ce da ka zo cike fom ɗin JAMB, tambaya ka yi ko akwai kwas ɗin da ake karantawa a zama James Bond. Na yi dariya har na ƙware da shayi.

To mu duba aikin mutumin nan. Tun 1962 yake bakin aiki, fiye da shekara 60, lambarsa tana nan 007, ko ɗaya ba a ƙara masa ba. Wai ɗan leƙen asiri ne, amma duk inda ya shiga sai ya faɗi sunansa, har sau biyu. Motar da gwamnatin Ingila ta ba shi kuwa ba ta dawowa da ƙafa huɗu, kuma ba a taɓa yankar albashinsa ba. Ni da na fasa madubin motar ofis sai da na biya. Rambo ma kada ka kawo min zancensa, aikin da bai saya wa mutum riga ba.

Kada ka ga ina yi maka tsiya, ni ma na yi tawa. Ina saurayi na kalli Coolie, fim ɗin 1983 da Amitabh ya fito ɗan dako a tashar jirgin ƙasa, da jar riga da lamba 786 a dantse. Washegari na ce wa kakanka na sami sana'a. Allah ya jiƙansa, bai ce uffan ba, ya sa aka ɗora min buhun gero ya ce in kai gidan gwaggo. Ban kai bakin lungu ba na ajiye sana'ar. A fim, kafin a gama waƙa ɗaya an sauke kayan jirgi guda, ko gumi babu.

Kwanan baya ƙannenka suka sa min fassarar 3 Idiots. Akwai yaron nan Farhan, mai son ɗaukar hoton namun daji, ubansa ya dage sai ya zama injiniya. Ina kallon uban sai jikina ya yi sanyi, don tun kana firamare nake kiranka likita ban taɓa tambayarka ba. Na janye.

Kawunka ya ce kai ka gyara masa wayarin ɗin sola, wuni guda kana kan rufi, abincinka ya huce ba ka sauko ba. Ba wanda ya sa ka. Ka duba injiniyan lantarki a cikin fom ɗin, in ranka ya kwanta ka cike, in akwai wani abin ka faɗa min ba tsoro.

Na turo kuɗin rajista ta hannun kawunka. In za ka zo Sallah ka taho da kayan aikinka, fankar ɗakina ta tsaya tun watan jiya.

Mahaifinka