Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Kula da Ciyawar Gida a Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da muka gudanar daga kakar bara zuwa ta bana.

Da hunturu muka soma. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ciyawa kan rage girma, ƙura ta lulluɓe ta, launinta ya koɗe. A zagayen gidaje da muka yi mun tarar wasu mambobi sun ɗauka mutuwa ta yi, har suna antaya mata takin yuriya. Mun hana. Ciyawar kiri-kiri barci take yi idan sanyi ya kama, jijiyarta na nan da rai. Abin da take so shi ne a share ganyen darbejiya da manjagara, a rage yanka, a ba ta ruwa jefi-jefi.

Bazara ce ta gwada mu, kuma a nan kwamiti yake roƙon ku saurara da kyau. A Maris da Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, rijiyoyi su ja baya, kuɗin jarkar 'yan garuwa ya hau. Wata Hajiya daga cikin iyayenmu ta tashi a taron wata ta ce ita kunya take ji ta buɗe mesa a kan ciyawa alhali yaran maƙwabta na layi da bokitai a ƙofar gidanta. Maganarta ta shige mu, kuma gaskiya ta faɗa. A kan haka muka yanke shawara uku. Mai rijiyar burtsatse ya fara buɗe wa maƙwabta famfo kafin ya shayar da lambu. A karkatar da ruwan alwala da na ɗaurayar kayan miya zuwa gindin ciyawa, ban da ruwan da ke da omo ko bilic. Ban ruwa kuma ya koma bayan sallar asuba, a jiƙa ƙasa sosai sau biyu ko uku a mako, a daina yayyafin kullum da rana tsaka, wanda rana ke shanyewa kafin ya isa jijiya.

Nan ne ma bambancin iri ya fito fili. Gidajen da suka shuka ciyawar kafet, mai faɗin ganyen nan da ta fi son laima irin ta kudu, sun sha wuya, wasu ma sai da suka sake dashe. Kiri-kiri kuwa, wadda iyayenmu suka sani tun a bakin fadama, ta bushe ta yi fari, amma ruwan farko na sauka ta farfaɗo. Aibinta ɗaya, ba ta son inuwa. Shawarar kwamiti ita ce wanda zai yi sabon dashe ya zaɓe ta, ya kuma rage faɗin filin zuwa abin da ruwansa zai iya ɗauka. Ƙarƙashin bishiya a zuba tsakuwa.

Da damina ta kankama a Yuni muka yi dashe da cike gurabe, muka yi saye ɗaya na takin NPK 15-15-15 muka raba. Mun koya wa yaran da ke mana aiki kada su zuba kashin kaji ɗanye, domin yana ƙona ciyawa, kuma kada su yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a lokaci guda. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 injin yanka ya zama abin lissafi, don haka muka ci gaba da karɓa-karɓa da injin ƙungiya, ƙananan wurare kuma almakashi da lauje.

A Agusta ruwa ya kwanta a wasu gidaje, muka yi gayya muka buɗe magudanai. Ƙarangiya da tsidau mun cire su da hannu kafin su yi 'ya'ya. Aya-aya ce ta gagare mu, domin idan ba a tono ƙwayarta daga ƙasa ba, sai ta dawo. Gara ma ta yi ɓarna inda aka bar tarin busasshiyar ciyawa. Laifin kwamiti ne da bai ja kunne da wuri ba, mun karɓa.

Ma'aji zai karanto bayanin kuɗi bayan wannan. Injinmu na buƙatar sabuwar wuƙa kafin damina mai zuwa, kuma waɗanda ake bi kuɗin wata su daure su biya. Mai son irin kiri-kiri ya ba da sunansa yau kafin a tashi.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya