Kada mu kashe fentin asali na tsohuwar Vespa da gaggawa

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini don in ja hankalin 'yan'uwa da ke sayen tsofaffin Vespa a nan Jidda da Makka. Yawancin baburan nan sukan zo hannu da fentin gwangwani da wani ya fesa a kai, mai saye kuma da ya isa Sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci, sai a hau jikin da tina da samfefa, kafin la'asar an kai ga ƙarfe. Abin yana ci mini rai, domin sau da yawa fentin kamfani yana nan lafiya a ƙarƙashi.

Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙera Vespa a 1946, kuma jikinta farantan ƙarfe ne da aka haɗe suka zama jiki guda, shi ne ƙashin bayan babur ɗin. Idan aka tsiraita shi, iskar Jidda mai gishiri da laima ba ta jira, tsatsa take kamawa. Sa'ar da muke da ita ita ce mai feshin gwangwani ba kasafai yake kankare jiki kafin ya fesa ba, fentinsa a iska ya bushe, bai kama sosai ba. Na kamfani ya fi shi tauri. Duk aikin a kan wannan bambanci yake: a sami abin da zai narkar da na sama kafin ya taɓa na ƙasa.

A fara cire murfin gefe biyu, da kujera, da tambari, da robobi, da gilasan fitila, saboda asiton, sinadarin narkar da fenti da za a iya buƙata a aikin, yana cin roba. A rufe famfon mai, a cire wayar batir idan akwai. A wanke da ruwa da sabulu, don ƙwayar yashi ɗaya a cikin tsumma ta isa ta zana jiki.

Gwaji a ɓoye ake yi, ƙarƙashin kujera ko cikin murfin gefe, da farin tsumma na auduga. Farin ne zai gaya maka gaskiya: muddin launin feshi kake gani a kai, ci gaba, da zarar launin asali ya fito, ɗauke hannunka. A fara da mai sanyin hali, kananzir, sannan sifirit na kantin magani. Sai sun gaza a je ga asiton, shi ma a surka shi rabi da rabi da sifirit. Wuri kamar faɗin tafin hannu ya isa a lokaci guda. A jiƙa tsumma, ba a tuttula a jikin babur ba, a dafa shi daƙiƙa 10 zuwa 15, za ka ga feshin ya yi taushi yana yamutsewa kamar fatar madara, sai a share ta gefe ɗaya, a juya tsumma, a bi da ruwan sabulu nan take. Wanda ya yi ta murzawa da tsumma ɗaya, fentin da ya narke yake mayarwa cikin na asali. Inda ya yi kauri a ɗaga shi da tsohon katin roba, ban da reza.

Masu Vespa ta shekarun 1950 su yi hattara ƙwarai. Fentin zamanin irin na naitiro ne, asiton da tina suna narkar da shi kamar yadda suke narkar da feshin. A irinta gara a bi da samfefar ruwa mai lamba 1500, sannan 2000, a hankali, ana zuba ruwa, ana tsayawa da zarar launin ƙasa ya leƙo. Samfurin PX da ya fito a 1977 da ire-irensa sun fi jure asiton, amma su ma a kan kusurwa da bakin murfi fentin siriri ne, a nan ake fara huda shi.

Wasu suna amfani da kumfar wanke tanda. Tana ɗaga wasu fentocin, sai dai soda ce mai ci, tana ɓata alminiyom na bakin garkuwar gaba da layukan wurin taka ƙafa, tana kuma dusashe launi idan ta daɗe a kai. Maganin cire fenti mai kauri kuwa kada ya ko kusanci babur ɗin, ba ya bambanta na sama da na ƙasa.

Sai batun zafi, wanda ya fi shafar mu a ƙasar nan. Ƙarfen da ya sha rana yana busar da asiton kafin ya yi aiki, ya bar tabo. Bayan sallar asuba ya fi, a inuwa, inda iska ke ratsawa, da safar hannu, nesa da sigari da injin walda.

Idan feshin ya tafi, a bar jikin kwana biyu fentin ya koma tauri, sannan a goge da man folish mai laushi da hannu, ba da inji ba, a shafa kakin mota. Inda ƙarfe ya bayyana a ɗiga maganin tsatsa da ɗan buroshi kafin kakin. Babur guda yakan ci asuba da yawa, don haka a fara da murfin gefe ɗaya, a ga yadda fentin ya karɓa kafin a taɓa gaba.

Wassalam.
Mai gyaran babura, Jidda, Saudiyya