Bazazzagi, Ga Labarin Allurata

Assalamu alaikum, Bazazzagi bawana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Manchester? Shirun nan ya yi yawa, har Hajiya ta fara tambayata ko wani abu ne ya shiga tsakaninmu. Na ce mata ba komai, rowar kuɗin waya ce irin ta mutanen Zariya. Bari in sauke abin da ke cina.

Ni ne nan yanzu nake yi wa kaina allura. Yi dariyarka ka more. Ai kai ne shaida ranar da masu lamba suka zo makaranta, aka neme ni aka rasa sai a bayan kicin. To, sugan nan ne ya ƙi sauka duk da shekarun da na yi ina haɗiyar metformin. Awon nan na wata uku da ake so ya koma ƙasa da 7, nawa ya yi sama ya zauna. Sai likita ya rubuta mini Ozempic, na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, wanda tun 2017 aka amince da shi a Amurka don masu suga. Kafin ya rubuta sai da ya titsiye ni: ko a danginmu an taɓa yin ciwon daji a gurbin da maƙoƙo ke fitowa, ko na taɓa ciwon cikin da ke sokawa har gadon baya. Ya kuma rage mini ɗaya ƙwayar sugan da nake sha, don in suka haɗu suga na iya faɗuwa warwas.

Abin kamar ƙaton biro yake. Duk daren Lahadi bayan isha'i nake kulle ɗaki, in wanke hannu, in ɗaga shi a fitila in tabbatar ruwan garau yake. In ɗaura sabon tsinke, in murza gindin sai lambar ta fito, in goge gefen ciki da auduga da sifirit, nesa kaɗan da cibiya. Tsinken bai wuce milimita 4 ba, ƙarƙashin fata kawai yake tsayawa. In danna har lamba ta koma 0, sannan in ƙirga shida a hankali kafin in zare. Wallahi cizon sauron Fagge ya fi shi zafi. Wannan makon dama, wancan hagu, wani lokacin cinya, don kada wuri ɗaya ya yi gudaji. Tsinken da na cire kuwa cikin tsohuwar robar man gyaɗa mai murfi nake tarawa, saboda almajiran da ke tonon bola. An fara mini da 0.25 na mako huɗu, aka ɗaga zuwa 0.5. Nas ɗin ta ce in na manta rana, ina da kwana biyar in rama, in ya wuce haka in bari sai Lahadi ta zagayo.

Makonnin farko na sha tashin zuciya da gyatsa mai wari. Maganin yana kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, sai ya sa abinci ya daɗe a ciki, ƙwaƙwalwa kuma ta ce an ƙoshi. Ni da ka sani da malmala uku, yanzu rabin ɗaya na ture kwano. Maman yara ta yi kwanaki tana cika tana batsewa, wai a wani gidan nake cikowa. A majalisa kuwa kallon tausayi ake mini, Sarkin Tsegumi har ya ja ni gefe ya ce in bashi ne in faɗa a yi karo-karo. Af, ka ji ya ƙara aure? 'Yar gidan mai goron nan ta bayan masallaci. An ɗaura ranar Asabar, aka kawo waina da miyar taushe, ina ji ina gani na ci biyu na haƙura. Nan ne kaɗai na ji haushin allurar nan.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke hana ni barci ajiya ce. Biron da ba a buɗe ba sai a firji, tsakanin maki 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya tashi aiki. Wanda aka buɗe yana kai mako shida a waje, muddin zafi bai haura 30 ba. To, ka san Kano a watan Afrilu, 40 ma wuce ta ake yi, wuta kuma sai an ga dama a kawo. Sabon biro a firjin mai kemis ɗin unguwarmu nake ba da ajiya, shi yana da sola. Wanda nake amfani da shi kuma cikin leda, cikin gwangwani, a binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randar Hajiya. Rannan Auta ta ga an kawo wuta, ta ɗauke shi da niyyar taimako za ta cusa cikin ƙanƙarar zoɓo, Allah ya sa na shigo. Da kuɗin da ya kusa cinye albashina ya bi ruwa. Kullum in na fita aiki, rabin hankalina yana gindin randa.

Azumi ma na tambayi liman, ya ce allurar da ba abinci ba ce ba ta karya azumi a wajen mafi yawan malamai. Tawa ma da dare ce. Likita dai ya ce in zo a zauna kafin watan ya kama.

Yauwa, ga inda kake shigowa. Ƙanwarka ta ga yadda riguna suka yi mini yawa, ta samo wata a WhatsApp mai sayar da "allurar rage teɓa", wai kafin bikin 'yarta. Na ce mata akwai wadda aka yi don ƙiba, Wegovy, maganin ɗaya ne, tun 2021, amma likita ke rubutawa bayan ya auna mutum. Kuma jabu ta yi yawa. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin an kama na bogi a Barazil da Amurka da ƙasarku ta masu wayo, Birtaniya. A Ostiriya, cikin 2023, har asibiti aka kwantar da mutane bayan sun yi amfani da na jabu. Ni ta mayar da ni abokin wasa, kai take jin tsoro. Ka kira ta. In kuma ta ce ka aiko mata da shi ta hannun matafiyi, ka ce ba ka ji ba, don ba wanda ya san zafin da zai sha a akwati kafin ya iso.

Ni abin da nake so ka aiko shi ne 'yar jakar nan ta masu suga da ake jiƙawa da ruwa ta riƙe sanyi. Guda biyu, kuma kar ka ce in biya, kai ma ka san bashin kilishin da nake binka. Hajiya na gaishe ka, ta ce man zafin nan na gwiwa ya ƙare tun kafin Sallah.

Naka,
Ubangidanka na Kano