Zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni dalilin ba 'ya'yana baka da kibiya

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe.

Ranar da kika bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, lokaci ya ƙure ban ba ki amsa mai gamsarwa ba. Cewa kika yi, a ƙasar da 'yan bindiga suka hana mutane barci, wane uba mai hankali ne zai ɗauki makami ya damƙa wa yaro ɗan shekara 13, har ma da ƙanwarsa mace? Na fara in-ina, sai mai gabatarwa ya katse mu da talla. To ga amsar yanzu a natse.

Ba zan yi miki musu ba, baka makami ne. A Tabkin Kwatto a 1804, akasarin jama'ar Shehu Usmanu a ƙasa suke da kwari da baka, amma suka karya mahayan Gobir. Ni kaina jikan maharbi ne. Kwarin kakana a zaure yake rataye, kibau a ciki shafe da dafin kwankwani, kuma duk ƙiriniyarmu ba wanda ya taɓa kai hannu wurin. Ya gaya mana sau ɗaya cewa ƙwarzane kaɗai ya isa, bai sake maimaitawa ba. Da na isa koyo, sai ya yanko mini kyauro marar ƙarfe a baki, ya ɗaura wa wani ɗan baka tsirkiya, ya jingina buhun ƙaiƙayi a gindin tsamiya. Rani biyu ina harbin buhun nan kafin ya yarda in bi shi daji, kuma ko da na bi shi, goran ruwa na riƙe.

A lokacin na ɗauka mugunta ce. Sai da na haifi nawa na gane abin da tsohon yake yi.

Hajiya, sakin kibiya ba shi da wuya, ko jariri ya iya buɗe yatsu. Abin da ke cin shekaru shi ne mutum ya ja tsirkiya har kunci, ya saita, zuciyarsa na ce masa saki, amma ya sassauta hannu ya mayar da kibiyar kwari. Wannan nake koya wa yarana, harbin kuwa biyo baya yake yi.

Kada ki ɗauka sun zo a shirye. Babban, a watansa na uku da fara koyo, 'yan uwansa suka zo hutu, ya so ya burge su, ya ɗirka wa wani ƙadangare kibiya a jikin katanga. Na tarar suna ta shewa. Ban doke shi ba. Na zaunar da su duka na ba su labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, da ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa. Da suka hango shi suka watse, ya ce Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Sannan na kwance tsirkiyar bakansa na sa a aljihu, wata guda cur. Kullum da la'asar yana zaune yana kallon ƙanwarsa tana harbi. Wannan ya fi masa bulala ciwo.

Tunda na ambaci ƙanwar, bari in taɓa inda muryarki ta fi tashi, wato batun 'ya mace. Shekararta 10, kuma ta fi wanta saiti, ko da yake ba a faɗar haka a gabansa. Shi ƙarfi yake sawa, ita kuwa numfashi take jira ya kwanta. Wata rana na nuna mata bidiyon gasar Olamfik, inda ake harbi daga nisan mita 70, na gaya mata cewa matan Koriya ta Kudu ba su taɓa rasa lambar zinare ta harbin ƙungiya-ƙungiya ba tun 1988 har zuwa na birnin Faris a 2024, sau goma a jere. Ba ta ce komai ba. Washegari na tarar ta matsar da buhun taku biyar baya. Uwarta dai har yau ƙorafinta ɗaya, shatar da tsirkiya ke bari a damtse, shi ya sa na kai wa baduku ya ɗinka musu abin ɗaurawa na fata.

Daji kuwa babban kaɗai nake ɗauka, da rani, bayan an kawar da amfanin gona, kuma zabi da zomo muke nema. Dafi ban koya masa ba, ba kuma zan koya masa ba. Wannan ilimin na bar shi ya bi kakana kabari. Sau da yawa hannu rabbana muke dawowa, uwargida ta yi mana dariya ta ce Allah ya sa ba da mu ta dogara ba wajen miya. Amma yaron ya iya bambance sawun zomo da na kurege, ya iya watsa ƙura ya gane inda iska ta dosa, ya san ba a sakin kibiya sai da bisimilla. Bara, a bakin wata fadama, ya ja baka a kan zabuwa, tana tsaye sarai, taku goma sha biyar bai fi ba. Ina bayansa ina jiran ƙarar tsirkiya, sai na ga ya sauke. Na raɗa masa, me ya faru? Ya ce, “Baba, ban ga abin da ke bayan sabarar nan ba.” Zabuwa ta tashi. Ba a jima ba wani ɗan Fulani ya ɓullo daga wajen da awakinsa. Ban sani ba ko kibiyar za ta kai gare shi, watakila ma ba za ta kai ba. Amma ranar da ƙafafuna suka daina rawa, na sayo masa tsire a hanya.

Inda kike da gaskiya, kina da ita. Gayyar farautar da ake cika mota da samari da karnuka da adduna, wasu a buge, a dawo da rauni maimakon nama, ni ma ba na kai ɗana can, ko wa ya gayyace ni. Kuma dajin ya ƙare. Gwanki da kanki da kakana ke ba da labari kamar awakin gida, yarana sai da na kai su Yankari, wadda aka keɓe tun 1956 kuma aka haramta farauta a ciki, kafin suka ga manyan namun daji da idonsu. Can ba mu je da ko kyauro ɗaya ba. Mun yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, ƙaramar ta tambaye ni ko jikokinta za su tarar da giwa. Na ce mata Allah ya sa, don ba ni da amsar da ta fi wannan.

An rawaito a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya wuce wasu mutane suna gasar harbi ya ce, ku yi harbi 'ya'yan Isma'ila, domin babanku maharbi ne. Ban kawo shi don in rufe miki baki ba, na san tsoronki na uwa ne, kuma zamanin ya ba ki hujja. Roƙona dai ki zo ki gani. Duk Asabar bayan la'asar muna filin bayan gidanmu, an ja layi a ƙasa da toka, ba mai tsallake shi sai an ajiye bakuna duka. Ki zo da jikokinki in kina so. Akwai ɗan baka mai laushi da yaran suka girme shi, zai yi miki daidai, sai dai ki sa riga mai dogon hannu.

Wassalam. Naki,
Jikan maharbi